Shuɗiyar Igiyar Kpadonu

Matan da ke yankan kainuwa a tafkin Nokuwe ne suka tsinci gawar Hunsa da hantsi. Wuyansa na ɗaure da shuɗiyar igiyar roba.

Aka je aka gaya wa matarsa Afiavi. Tana gaban tukunya, tana dafa karan kainuwa da kanwa, hannayenta naɗe da tsumma kamar yadda suke tun farkon makon. Ita ce ta koya wa matan garinsu Ganvie yadda ake tace zaren, a daka shi, a shanya, ya zama jakar cefane mai ruɓewa a ƙasa kamar ganye. Ko kwanon roba kuwa ba ya shiga ɗakinta. Ta sha jefa ledar baƙi cikin murhu a gaban idonsu.

Ta zo a kwalekwale, ta dubi mijin da ya sayar da injin dakanta ya sha giya da kuɗin. Ba ta yi kuka ba.

"Wa ke sayar da wannan igiyar?" abin da ta tambaya ke nan.

Kowa ya sani. Kpadonu ne, mai rumfar bakin gada, wanda ke ɓoye ledar da aka haramta ƙarƙashin buhunan gari yana sayar wa matan garin a rabin kuɗin jakar Afiavi. Kwanan baya ma an ji shi yana zagin Hunsa.

Jama'a suka je suka jawo shi daga rumfar.

"Yaya Afiavi, ki gaya musu! Tare muka tashi!" in ji Kpadonu.

"Ni ban ce kai ba ne," ta ce a hankali. "Igiya kawai na tambaya."

Da sandunan tuƙin kwalekwale suka buge shi. Kafin jandarmomi su iso, ledojinsa na narkewa cikin wuta, shi kuma ya daina kiran sunan 'ya'yansa, rai ya yi halinsa.

Ranar kasuwa ta zagayo, jakunkunan Afiavi suka ƙare tun rana ba ta yi tsaka ba. Matar Kpadonu ma, da ido a kumbure, ta sayi ɗaya.

"Sannu da hannu," in ji wata tsohuwa. "Kanwar nan za ta cinye ki."

Afiavi ta yi godiya. Sai da ta shiga ɗaki ta kwance tsumman. Kanwa ba ta taɓa yi mata komai ba. Zane biyu ne suka ratsa tafukanta, inda igiyar ta ci nama kafin Hunsa ya bar shure-shure.