Faifan Iya Shatu

Nafi'u, mai kula da na'urori, ya riga ya rantse: a ɗakin kwamfuta na gidan matasa na Dogon Dutsi, babu mai ƙara saka faifai. Tun da wani ɗan gayu ya kawo faifan kiɗa mai ƙwayar cuta, ya shafe aikin ɗalibai kaf, Nafi'u ya toshe ƙofar faifan kowace na'ura. Ko ubansa ne ya zo, haka zai koma.

Sai ga Iya Shatu ranar kasuwa, wata Bafulatana daga rugar bayan Dumega, da ƙwaryar nono a ka, da faifai ƙunshe a gefen zane. Ɗan kabu-kabu ya yi ta danna mata oda a ƙofar gida, ko waige ba ta yi ba.

"Ɗana, ɗiyata Rukayya na cikin nan," ta ce da ƙarfi, kamar mai kiran shanu. Wasu masu ɗaukar waƙoƙin makiyaya ne suka naɗi muryar ɗiyar. Daga baya sanƙarau ya shiga rugar, ya kwantar da su biyu. Uwar ta tashi, ɗiyar ba ta tashi ba.

Nafi'u ya ce an hana. Ta zuba wa bakinsa ido, ta maimaita roƙonta tiryan-tiryan. Ya ce a ransa, Hausar ce ba ta ishe ta ba. Mako ya zagayo ta dawo, ya sake zagayowa ta sake dawowa. Kai, mutum ba dutse ba ne!

Ya zauna ya yi abin a tsanake. Ya buɗe mata shafi nata ita kaɗai a na'urar can lungu, da izini guda: karanta faifai. Ba kwafa, ba gogewa, ba shiga kayan kowa. Ya sa mata abin ji a kunne, ya danna.

Wasu korayen layuka suka fara tsalle a allo. Iya Shatu ta dafe abin jin da hannu biyu, ta matse shi a kunnuwanta, hawaye na bin kuncinta. Nafi'u ya kau da kai, don shi ma tasa uwar ta daɗe a ƙasa.

Haka ta riƙa zuwa har damina ta faɗi. Kullum sai ta yi masa nuni ya ƙara sauti, ya ƙara, ta bar masa ludayin nono ta tafi.

Wata rana yana share ƙura ya ɗora abin jin a kansa, ya saka wani faifan gwaji a shafinta. Layuka na tsalle, amma tsit. Ya buɗe izinin shafin ya duba. Ashe garin tsantseni ya ba ta izinin faifai, ya manta da izinin sauti! Duk watannin nan tsohuwar nan shiru take saurare, kunya ta hana ta faɗi. Ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Da ta dawo ya riga ya gyara. Don ya wanke laifinsa, ya zare wayar abin jin, ya buɗe lasifika har ƙarshe. Muryar Rukayya ta cika ɗakin, siririya, tana yi wa wata saniya kirari tana dariya. Ɗalibai suka saki abin da suke yi. Wata mai sayar da ƙosai ta leƙo ta taga.

Iya Shatu na zaune, abin ji a kunne, wayarsa na reto, idonta a kan layukan kamar kullum.

Nafi'u ya durƙusa gabanta. "Iya, ki gafarce ni. Yau kin ji ta?"

Ta dubi leɓensa, ta dubi fuskokin da suka jiƙe a ɗakin. Sannan ta kama hannunsa.

"An ce mini na'urarku na kai murya har cikin kunne, na ce ko Allah zai sa in dace. Tun ciwon nan kunnuwana suka mutu, ɗana. Kai da ke ji, faɗa mini a hankali in ga bakinka: mi take cewa?"