Sakin Layi na Tara

Ranar da aka yi wa Darakta aikin ido, fayil ɗin yarjejeniyar ya faɗo kan teburin mataimakiyarsa, wadda duk ma'aikatar ke kira Malama Ba-Komai. Sunan bai zo a banza ba. A taka mata ƙafa a lif, ta ce ba komai. A ɗauke mata kujera a taro, ta ce ba komai, ta jingina da bango da littafinta.

Shekara uku tana rubuta yarjejeniyar nan, wadda za ta ba ma'aikatan jinya damar zuwa aiki wata ƙasa. An daidaita kan komai sai sakin layi na tara: fasfo ya zauna a hannun mai shi, ba a aljihun teburin asibitin da ya ɗauke shi aiki ba. Wancan ɓangaren sun ƙi. Ita kuwa ƙanwarta ta taɓa yin shekara biyu a waje ba ta ga fasfonta ba, balle 'ya'yanta.

Babban Sakatare ya san halinta. Kafin ya bi Minista tafiya sai da ya kira ta.

"Gobe ƙarfe biyu za ki zauna da baƙin," ya ce. "Amma ƙarfe goma za a yi miki gwaji, kamar yadda muka saba. Na roƙi wata tsohuwar jakadiya, ta yi ritaya tun kafin a ɗauke ki aiki. Ita za ta zauna a matsayin shugabar tawagarsu, kuma ba ta da daɗi. Ki yi ta ce mata a'a har bakinki ya saba."

Da safe ta tarar tiren Darakta ya cika da takardu, wasu har da jan tambarin gaggawa, ta saman ma daga tawagar baƙin ta fito. Ba ta taɓa su ba. A ma'aikatar nan ba a buɗe tiren na gaba da kai, ko da yana kwance da bandeji a ido.

Goma saura kaɗan jami'in karɓar baƙi ya tare ta a matakala yana haki. "Sun iso, ranki ya daɗe. Babban ɗakin taro." Malam Minti, mai rubuta bayanan zama, ya biyo ta yana gyara wuyan riga.

Shirin ya burge ta. Ga ƙananan tutoci a tsakiyar tebur, ga kofunan shayi masu bakin zinare da ake kullewa a kabad. Wata dattijuwa mai tabarau tana zaune tsakanin maza biyu masu jakunkunan fata. Da ta yi gaisuwa, har lafazin mutanen can ta kwaikwayo. Lallai Babban Sakatare bai ɗauki abin da wasa ba.

A'a ta farko kamar tari ta fito. Ta biyu ta fi kyau. Kafin a kai ta biyar Malama ta fara jin daɗin kalmar a bakinta, ta ma gyara zama ta harɗe hannu.

"Asibitocinmu suna ajiye fasfo ne don kada ya ɓace," in ji dattijuwar.

"To madalla. Miƙo mini naki in ajiye miki. Ina da aljihun tebur mai makulli, ban taɓa ɓatar da komai ba."

Ta miƙa hannu, ta bar shi a buɗe a kan tebur. Malam Minti ya taka ta ta ƙarƙashin tebur.

"Malam, ƙafata ce wannan," ta ce, ba ta ko dube shi ba.

Ya turo mata 'yar takarda a ninke. Ta ɗora kofinta a kai. Idan an ba ta satar amsa yanzu, ƙarfe biyu wa zai ba ta?

Dattijuwar ta rufe fayil ɗinta ta miƙe, ta ce lokacinsu ya ƙure, yau ɗin nan za su juya. Malama ta san wannan dabarar, a littafi ta karanta ta. Ta ƙara wa kanta shayi.

"Allah ya kiyaye hanya. Ma'aikatan jinyarmu suna nan, majinyatanku ma suna can."

Ɗaya daga cikin mazan ya fita da wayarsa, ya daɗe, ya dawo ya yi wa dattijuwar raɗa. Malama ta ayyana a ranta cewa ko a ina aka samo wannan mutumin, ya iya wasan. Dattijuwar ta cire tabarau ta goge, sai ta saki dariya ta koma ta zauna. Ta ja takardar ta sa hannu a gefen sakin layi na tara, ba a taɓa ko harafi ba.

"An ce mana ke mai sauƙi ce."

"Ni ma haka aka ce mini," in ji Malama, ta sa nata hannun.

Ta so ta tsaya ta yi godiya yadda ya kamata, amma jami'in karɓar baƙi ya riga ya yi gaba da su. Malam Minti ya shanye gorar ruwa biyu a tsaye.

Sai a matakala ta tsaya tana tunani. Nan dai wasa ne, kowa ma ya yi. Anya za ta iya buɗe baki haka a gaban mutanen gaske? Saura awa biyu. Ta ƙudura za ta rufe ofis ta rubuta duk abin da ta faɗa kafin ya gudu.

A bencin ƙofar ofishinta ta tarar da wata 'yar ƙaramar tsohuwa, jaka a cinya, fuska a murtuke.

"Ke ce mataimakiyar Darakta? 'Yar nan, tun ƙarfe goma nake zaune a ƙaramin ɗakin taro ni kaɗai, har na gaji na zo nan. Za a yi gwajin nan ne, ko in koma gida?"