Mai Kabu-kabu Ya Koma Shi Kaɗai

Mai kabu-kabu yana jirana a ƙofar gidanmu a Kebbe, ɗiyata tana bisa ƙirjina, zazzaɓi bai sake ta ba. Hutun haihuwa ya ƙare, imel ɗin kamfaninmu kuwa a ofishin Tambuwal kaɗai yake buɗewa.

Tun ina da ciki na nace a sayi satifiket ɗin tsaro na intanet da zai sa imel ɗin ya buɗe har a wayoyinmu. Manaja ya ce na ofis ya isa.

"Bar mani ita, ɗiyata, ki tafi," in ji Inna.

Ina miƙa ta, wayata ta yi ƙara. Imel ya shigo daga manaja: "Mun sa satifiket ɗin da kika zaɓa. Yi aikinki daga gida."

Na karɓe abata. "Inna, a sallami mai kabu-kabun."