Sai Kano Ta Amsa

Karo na arba'in ke nan ina gyara fayil ɗin da ke haɗa kwamfuta da layin tarho. Na sake rubuta sunan babbar kwamfutar Kano, da lambar tarhonta, da kalmar sirri. Na danna. Shiru.

Ogana ya ce kada in baro Doguwa sai kwamfutar ofishin nan ta gaisa da ta Kano. Yau kwanana sha tara, ga cikin matata ya tsufa.

Haushi ya sa na bi wayar tarhon har bayan gini. Ga ta a naɗe tsaf, rataye a ƙusa.

Na ce wa maigadi, "Baba, wa ya cire wannan?"

"Dattawa suka sa, Malam. Waya tana jawo tsawa, bara ta kashe mana bijimin sa. Sai damina ta wuce za a mayar."

Na dubi gonaki. Gero ko gwiwa bai kai ba.