Rodaji Bai Ƙare Ba

Kowace safiya, da rana ta ɗan ɗaga, mutanen Arlit kan ga jar motar nan ta fito daga gidan Malam Ramalan tana rarrafe. Motar tsere ce fa, mai kujera biyu, cikinta kamar ya shafi ƙasa, amma har amalanken jaki wuce ta yake yi. 'Yan kabu-kabu, da ba a raba su da tsiya, suka raɗa mata suna Kunkuru.

Ramalan ko a jikinsa. Ƙuruciyarsa duk a bakin sitiyarin manyan motocin mahaƙar yuraniyom ta Akokan ta ƙare, kafin a rufe ramin. Ya san sabon inji jariri ne. Ba a fizgarsa kafin ya yi ɗumi, ba a danna masa wuta, ba a barinsa a giya ɗaya, har sai ya cika kilomitocin da maƙeransa suka ɗibar masa. Wannan lallaɓar ita direbobi ke kira rodaji.

Motar ba tasa ba ce. Ta ɗansa ce, Kalilu, wanda Allah ya tarfa wa garinsa nono a haƙar zinariyar Tchibarakaten, ya aika aka sayo masa ita daga Kwatano. Ta iso a bayan tirela, ranar gidan cike yake maƙil da jama'a. Tun a waya Kalilu ya riga ya yanke magana: "Baba, kai za ka yi mini rodaji. Ina gefenka har a gama, sannan in koma daji."

In koma daji! Kalmar nan ce ta tsaya wa tsoho a rai. Ya san ramukan can, ya san yadda suke haɗiye 'ya'yan mutane. To amma Kalilu ɗan fari ne, kuma dattijon Damagaram ko sunan ɗan fari ba ya kamawa, balle ya buɗe baki ya ce masa zauna, ina tsoron in rasa ka. Sai ya laɓe a bayan inji.

Haka suke miƙa hanyar Akokan a hankali, su ratsa tsoffin gidajen ma'aikata da yashi ya fara cinye ƙofofinsu. Kalilu na gefe, ƙurar daji har a girarsa, yana murmushin nan nasa.

"Haba Baba, taka mana ko kaɗan!"

"Kai, rodaji bai ƙare ba."

Iyakar hirar ke nan, amma wallahi Ramalan bai taɓa jin daɗin hira kamarta ba. In suka gifta majalisa, dattawa kan miƙe su ɗaga masa hannu, "Malam Ramalan, ya ƙarin haƙuri?" Shi kuwa sai ya leƙo ta taga ya amsa, "Ai sabon inji sai da haƙuri." Su sunkuyar da kai, ya wuce.

Da lambobin da ke gaban sitiyari suka fara matsawa kusa da cika, tsoro ya kama shi sosai. Ya daina kaiwa Akokan, ya koma juyowa daga tasha. Daga baya ma bakin kasuwa kawai yake zuwa ya dawo. Matarsa Zainabu ta tare shi a zaure ran nan, idanunta jawur, ta ce, "Malam, don girman Allah ka bar motar nan haka." Ya zagaye ta ya fita.

Ana nan sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Maƙwabcinsa Fatahu bakanike, mutum mai son a ce ya kyauta, ya zo ya karɓi makulli wurin Zainabu don ya juye wa motar mai. Da ya ga abin da ya rage na rodaji bai taka kara ya karya ba, sai tausayin tsoho ya kama shi. Kullum ya hau hanyar Agadez da motar yana kauce wa ramuka, ya je ya dawo, ya je ya dawo.

Ranar da Ramalan ya miƙe, ko kumallo bai karya ba ya dogara sanda zuwa garejin bakaniken. Fatahu ya tarbe shi baki har kunne.

"Baba, na hutar da kai. Rodaji ya ƙare, yanzu ko tashi sama kake so za ta yi."

Ramalan ya wuce shi. Ya faɗa cikin motar, ya tayar da ita, ya bar inji ya yi ɗumi kamar kullum. Ya jira. Ya sa giya, ya ja ta a hankali, a hankali fiye da yadda ya taɓa ja, yana kasa kunne ko za a ce masa ya taka. Shiru, sai gurnanin inji. Bai kai bakin titi ba ya tsaya, ya yar da kunyar shekara da shekaru, ya ƙwala kira da ƙarfi, "Kalilu! Kalilu!"

Fatahu ya sheƙo a guje ya buɗe ƙofar ɗaya ɓangaren, ya tarar da tsoho ya rungume kujerar gefe yana kuka. Ledar kamfani na nan a jikinta sumul, ko lotsawa ba ta yi ba, domin tun motar na hanya rami ya rufta da mai ita a Tchibarakaten, ko gawarsa ba a samu ba.