Ɓerayen da Uwa Ba Ta Lasa Ba

Da hantsi sakamakon gwajin da take yi a kan ɓeraye ya fito a ɗakin bincikenta na kimiyya da ke garin Shabu. 'Ya'yan ɓerayen da uwa ba ta cika lasa ba sun girma da firgici, ga saurin ƙiba. Ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne da na sauran, sai dai wasu daga cikin ƙwayoyin sun kulle a ƙwaƙwalwarsu tun suna jarirai.

Ta daɗe tana kallon kejin. Ita 'yar fari ce, kuma a rugarsu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta rungumarta, saboda kunya. A bayan kaka ta girma, har ta tashi tana kiran mahaifiyarta Adda, kamar yayarta. Ashe shi ya sa ko ƙofa aka buga sai gabanta ya faɗi?

Ta hau acaɓa zuwa rugar, can bayan garin Azuba. Ta tarar da uwar tana kaɗa nono, ta zayyana mata komai.

"Adda, abin da aka hana jariri, jikinsa ba ya mantawa."

Uwar ta waiga hagu da dama. Babu kowa kusa da bukkokin. Sai ta zura hannu ƙarƙashin ɗankwalin 'yar, ba tare da lalube ba, yatsanta ya sauka kan wani ɗan tabo a bayan kunne wanda ko mijin 'yar bai san da shi ba. Ta shafa. Kafaɗun 'yar suka saki da kansu, kamar sun gane hannun.

"Ɓerayen naki," uwar ta ce ƙasa-ƙasa, "kin taɓa ganin abin da suke yi in babu mai kallo?"