Bakin Zomo Ya Karkace

Ƙarfe biyu na rana bakin zomon ya karkace.

Wata uku Injiniya ya yi a ɗan ɗakin aikinsa na gida yana gina wannan zomo a kwamfuta. Katun ne da zai koya wa yara tsallaka titi, kuma ƙarfe huɗu manaja ke jiran a tura masa. Manajan ya riga ya faɗa a gaban kowa: in aka sake jin kunya irin ta wancan karon, Injiniya ya tattara komatsansa. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, ina zai nufa?

Aikin ba wuya. Ka zauna gaban kyamara, manhaja ta karanta fuskarka, ka yi murmushi zomo ya yi, ka ɗaga gira ya ɗaga. Ƴar tagar da ke nuna wa mai aiki fuskarsa a allon kwamfuta kuwa kullum a rufe take, don tana cinye ƙarfin tsohuwar kwamfutarsa.

Ya sake gwadawa. Gefe ɗaya na bakin ya tashi, ɗayan ya rataya kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Ya kashe manhajar ya kunna. Ya goge idon kyamara da bakin riga. Ya yaye labule, ko haske ne ya yi kaɗan. Ya ɗauko kwafin aikin jiya, wanda zai iya dafa Alƙur'ani lafiya lau ya bar shi, ya zauna ya yi murmushi. Shi ma a karkace. Kuskuren da ke shiga aikin yau ya saba da shi, amma wanda zai koma baya ya ɓata na jiya, bai taɓa gani ba.

Ya shiga bin layukan umarni ɗaya bayan ɗaya. Yatsunsa sai tsallake harafi suke yi, ya yi ta tsine wa madannai. Biro ya suɓuce masa, bai ko sunkuya ba. Ya kira abokin aikinsa a waya, ya fara yi masa bayani, abokin ya katse shi.

"Me ka ce? Kai, layin nan ba kyau, maganarka duk a cakuɗe. Turo min saƙo kawai."

Uku da kwata. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Zomon na nan yana kallonsa da rabin murmushi. Injiniyan da ke yi wa mutane dariya in sun ce aljani ya shiga na'ura, sai ga shi yana tofa addu'a a kan allon kwamfuta. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Matarsa ta turo ƙofa da kofin ruwa a hannu.

"Maigida, tun safe ko ruwa ba ka sha ba. Mu ga mutumin naka da ya hana ka sakat."

Ta leƙo ta kafaɗarsa tana dariya, kyamara ta kama fuskarta. Nan take bakin zomo ya miƙe sak, haƙora reras, murmushi har kunne.

"Ya gyaru!" Abin da ya so ya ce ke nan.

Ta juyo ta dube shi. Kofin ya faɗi ƙasa.

"Innalillahi! Kada ka tashi, bari in nemo mota, asibiti za mu yanzun nan!"

Ashe tun ƙarfe biyu zomon aikinsa yake yi daidai. Fuskar Injiniya ce ta shanye ɓari guda.